Yadda manhaja ke sanin an rufe akwatin zaɓi

A kusurwar sama ta yawancin manhajojin Android akwai ɗigo uku a jere. Da an taɓa su, sai wani ɗan akwati ya faɗo ɗauke da zaɓi: goge, tura, ajiye. Dillalin citta a kasuwar Kafanchan yana buɗe shi ba adadi a yini, haka ma ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, kuma babu wanda ya damu da abin da ke faruwa bayan ya ɓace. Mai rubuta manhaja kuwa dole ya damu.

Idan mutum ya zaɓi wani abu, magana ta ƙare, domin waya tana sanar da manhaja nan take. To idan ya fasa fa? Ya taɓa gefe, ko ya danna maɓallin komawa baya, akwatin ya rufe ba a zaɓi komai ba. Manhajar da ba ta sami labari ba sai ta bar saƙo a haskake, ko bidiyon da ta dakatar ya ci gaba da tsayuwa.

Kamfanin Google ya shigo da wannan akwati, mai suna PopupMenu, a Android 3.0 a farkon 2011, amma bai haɗa shi da hanyar sanar da rufewa ba. Sai a Android 4.0, a watan Oktoba na shekarar, aka ƙara ta. Android 2.3 kuwa, wanda ƙananan wayoyi masu araha irin su Tecno N3 suka zo da shi Nijeriya, ko akwatin ma bai sani ba. Manhajar da ta nemi umarnin da wayar ba ta da shi, faɗuwa take yi ta rufe, mai waya ya ɗora laifin a kan batir ko sabis.

Masu rubutu sun yi dabaru. Wasu sukan sa manhaja ta fara duba lambar Android ɗin kafin ta yi kiran. Wasu suka gina nasu akwatin da PopupWindow, tsohon kayan aiki da ke sanar da rufewa tun farkon Android, ko da yake aikin ya fi wahala. A 2013 Google ya fitar da tarin kayan tallafi da ake cusawa cikin manhajar kanta, wanda ya kai akwatin har wayoyi masu Android 2.1. Wannan ita ce hanyar da ta fi tsabta.

Irin wannan lallaɓawa tana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa kamfanoni ke gajiya. Google ya daina sabunta hidimominsa na Play a kan Android 2.3 a 2017, sannan 4.4 a 2023. Tun 24 ga Oktoba 2023, WhatsApp ba ya aiki a ƙasa da Android 5.0. Wayar gwanjo mai 4.4 da ke hannun manomi a Zonkwa ko Kagoro tana kira, tana karɓar saƙon tes, amma mai gyara a Kafanchan ba shi da abin da zai canza mata ta sake buɗe WhatsApp, sai dai ya ba da shawarar a sayi wata.