Ɗan Jaridar Da Ya Tafi Karatu Aka Rufe Masa Ƙofar Gida

Duk wanda ya baro garinsu ya zo Ikko ko Badun ko Fatakwal neman abinci, komai wuya ya san in ya tara kuɗin mota zai je gida ya yi Salla. Lewis Nkosi, ɗan jarida na Afirka ta Kudu, bai sami wannan gata ba sa'ad da ya fita neman ilmi.

An haife shi a shekarar 1936 a lardin Natal. Tun yana saurayi ya fara aiki a jaridar Zulu mai suna Ilanga lase Natal, daga nan ya koma Johannesburg ya shiga mujallar Drum, wadda a lokacin ita ce matattarar baƙaƙen fata masu kaifin alƙalami. A 1960, shekarar da 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville, ya sami gurbin karatu na Nieman a Jami'ar Habad ta Amurka. Shi wannan gurbi na 'yan jarida ne: mutum zai ajiye aiki shekara guda, ya shiga duk ajin da ya ga dama.

To, sai gwamnatin wariyar launin fata ta hana shi fasfo. Abin da ta yarda ta ba shi kawai shi ne takardar fita ba dawowa. Wato ya zaɓa, ko ilmi ko gida. Nkosi ya zaɓi ilmi.

Bayan ya gama a Habad sai ya zauna a Landan, a nan ne kuwa alƙalaminsa ya sake hanya. Da can labarin abin da ya faru yake bayarwa. Yanzu kuma sai ya koma auna littattafai da wasannin kwaikwayo da kiɗan jaz, yana bayyana inda mai aikin ya dace da inda ya kasa, tare da hujja. Ya riƙa gabatar da shirin rediyo mai suna Africa Abroad, ya kuma zama editan adabi na mujallar The New African. A 1962 ya halarci babban taron marubutan Afirka a Makerere ta Uganda, kuma a wannan shekara ya zo Nijeriya ya yi hira da Chinua Achebe a Ikko.

Littafinsa Home and Exile, wanda ya fito a 1965, shi ya tayar da ƙura. A ciki bai raga wa 'yan'uwansa marubuta baƙaƙe na Afirka ta Kudu ba. Ra'ayinsa shi ne da yawansu rahoton jarida kurum suke rubutawa su kira shi ƙagaggen labari, kuma wahalar da aka sha ba ta isa ta mai da rubutu ya zama mai kyau ba, sai an haɗa da gwaninta. Wasu sun ji zafi ƙwarai, suna ganin bai kamata mutum ya kushe nasa a gaban bare ba alhali ana cikin gwagwarmaya. Shi kuwa gani yake yi yabon da ba a cancanta ba raini ne. Gwamnatin ƙasarsa ma ba ta ƙyale shi ba, ta haramta rubuce-rubucensa.

Ba kowa ne ya jure irin wannan hijira ba. Abokinsa Nat Nakasa ya bi sawunsa zuwa Habad a 1964 da irin wannan takarda, amma ya rasu a New York a 1965 yana da shekara 28, bai sake ganin gida ba.

Nkosi ya ƙaro karatu a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya fitar da wani littafin nazari, Tasks and Masks, a 1981. Ya koyar a jami'o'i a Zambiya da Poland da Amurka. Sai bayan da aka saki Nelson Mandela a 1990 ya sami damar sake taka ƙasarsu, wajen shekara 30 ke nan da fitarsa. Ya rasu a 2010 a Johannesburg, birnin da ya baro yana saurayi.