Kok, Gasasshen Gawayin da ke Narka Tama

Maƙeran ƙasarmu sun san ba kowane itace ke ba da gawayin ƙira ba. Na ƙirya suke nema, saboda nauyinsa da ƙarfin wutarsa. Haka al'amarin yake a manyan masana'antun ƙarfe na duniya, sai dai su gawayin ƙasa suke gasawa, su samu abin da ake kira kok.

Ga yadda ake yinsa. Ana zuba gawayin ƙasa cikin tanderu, a rufe ruf don kada iska ta shiga, a gasa shi da zafin da ya kai digiri 1000, har wajen awa 18. Kwalta da hayaƙi su fice, sauran ya dunƙule ya zama dutse mai tauri, mai ƙananan ramuka. Wani Baturen Ingila, Abraham Darby, ya narka tama da shi a shekarar 1709, lokacin da gawayin itace ya yi tsada a ƙasarsu.

Aiki uku kok ke yi cikin babban tanderun narka tama. Yana ba da zafi, iskar da yake fitarwa kuma tana raba ƙarfe da tsatsar da ke cikin tama. Na ukun ne ba a cika lura da shi ba: shi ke ɗauke da nauyin tamar da aka jibga bisansa ba tare da ya murƙushe ba, har iskar zuga ta samu hanyar ratsawa. Gawayin da ya zama gari, toshe tanderu yake yi.

To, a nan ya kamata ma'aikatanmu su natsu. Akan ji ana cewa, tunda akwai tama a Sayi, ga kuma gawayi a Anu Araran, me zai hana mu narka ƙarfenmu? Gawayin Anu Araran toka gare shi da yawa. Abin da ya dace da shi ke nan SONICHAR ke yi tun 1981, wato ƙona shi don ba Arlit da Agadas wutar lantarki. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga irin wannan: gawayin Inugu ba ya dunƙulewa ya zama kok, don haka masana'antar Ajakuta, wadda aka ba Tarayyar Sobiyet kwangilarta a 1979, da gawayin ƙetare aka shirya ciyar da ita. Babban tanderunta bai taɓa narka tama ba.