Koyon aikin lantarki a ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago a Amurka: ba sai ka taɓa riƙe waya ba

'Yan'uwa, wannan bayani mun yi shi ne domin matasanmu da ke zaune a Amurka, musamman a unguwar Bronx ta birnin New York, da kuma iyayensu da ke nan gida. Da yawa daga cikinsu suna shekara da shekaru suna tuƙin tasi ko kai abinci gidaje, suna zaton ƙofar sana'ar lantarki a rufe take ga wanda bai taɓa yin aikin ba. Wannan zato ba daidai ba ne.

Babbar ƙungiyar ma'aikatan lantarki a can ita ce IBEW, wadda aka kafa a birnin St. Louis a shekarar 1891. Ita da ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki, NECA, su ke haɗa hannu su horar da sababbin hannu. Kowane reshe yana da kwamitinsa na haɗin gwiwa, shi ke karɓar takardu, shi ke zaɓe. An gina tsarin ne don wanda bai san komai ba. Mai koyon haɗa wayoyin manyan gine-gine yakan yi kusan shekara 5, da awa 8,000 a bakin aiki, ga kuma darussan aji. Ana biyansa tun ranar farko, galibi kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na albashin ƙwararre, albashin yana ƙaruwa mataki-mataki, tare da inshorar lafiya da fansho.

To me ake nema? Yawancin rassa suna son shekara 18, da shaidar kammala sakandare ko takardar GED da ke maye gurbinta, da shaidar cin darasin aljabara na shekara ɗaya. Dole mutum ya kasance yana da izinin aiki a ƙasar. Rassa da dama suna neman lasisin tuƙi, kuma ana gwajin shan ƙwaya. Wanda ya zo da BAC daga Nijar ko Kamaru, ko WASSCE daga Gana, ya fara kai takardunsa a tantance su, a fassara na Faransanci zuwa Turanci, tun kafin a buɗe karɓar takardu.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne jarrabawar gwajin basira. Kashi biyu ce: aljabara, tambaya 33 cikin minti 46, ba a yarda da na'urar lissafi ba, sai karatu da fahimtar Turanci, tambaya 36 cikin minti 51. Ana ba da maki daga 1 zuwa 9, kuma mafi yawan rassa suna son aƙalla 4. Kada kalmar aljabara ta firgita kowa. Daga Larabci ta fito, daga littafin Al-Khawarizmi wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Wanda ya ware awa ɗaya kowane dare na 'yan watanni, yana warware tambayoyi da agogo a gabansa, zai ga sauyi.

Wanda ya ci sai a kira shi ganawa da kwamitin. A nan ba ƙwarewa suke dubawa ba, hali suke dubawa: zuwa kan lokaci, jure wahala, aiki da mutane. Ka faɗi gaskiya cewa ba ka taɓa aikin ba, ka kawo misali daga aikin da ka yi. Bayan haka ana jera sunaye bisa maki, sunan mutum yakan zauna a jerin har shekara 2.

Lokacin jiran nan kada a zauna. A tambayi reshen ko yana ɗaukar mataimaka ko masu ɗaukar kaya a wurin gini, ko akwai horon share fage. Awannin da aka tara suna iya sa a sake ganawa da mutum, makinsa ya ɗaga. Kuma ba laifi a nemi reshe fiye da ɗaya, domin na manyan birane cunkosonsu ya fi yawa.

Ku kuma iyaye, shekarun farko kuɗin da yaro zai aiko zai iya raguwa. Ku yi masa haƙuri. Sana'ar da zai fita da ita za ta riƙe shi da ku tsawon rai. Allah Ya sa albarka a neman kowa. Wassalamu alaikum.