Zazzaɓin Yaron da Ake Yi wa Maganin Ciwon Daji

Daga cikin hikimomin da Allah Maɗaukaki Ya ajiye a jikin ɗan Adam akwai fararen ƙwayoyin jini da ɓargon ƙashi ke samarwa dare da rana, musamman waɗanda likitoci ke kira nutrofil, masu cinye ƙwayoyin cuta tun kafin su yaɗu, alhali su kansu ba su cika yin fiye da yini guda a cikin jini ba. To, maganin ciwon daji, da yake aikinsa halaka duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa, ba ya bambance ta cuta da ta ɓargo. Saboda haka kwana 7 zuwa 14 bayan an ɗura wa yaro shi, sai nutrofil su yi ƙaranci matuƙa, jiki ya zama gari ba ganuwa.

Wannan al'amari ya shafi mutanen Barade da sauran unguwannin Jalingo, domin sankarar da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, ta fi yawaita ne inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A irin wurarenmu kuwa, in jikin yaro ya yi zafi, al'ada ita ce a ce sauro ne, a aika kemis a sayo farasitamol. Ga yaron da garkuwarsa ta faɗi, wannan jinkiri na iya zama sanadin ajali, domin cuta takan shiga jininsa ba tare da ƙurji ya yi ja ko mugunya ta taru ba, zafin nan kaɗai ne shaidarta.

Wajibi ne iyaye su ajiye ma'aunin zafi a gida, kuma da zarar ya nuna digiri 38, ko da tsakar dare ne, su garzaya asibiti, kamar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, su shaida wa ma'aikata cewa yaron yana kan maganin daji, domin ƙa'idar likitoci ita ce a fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa guda. Kafin nan kuwa, a tafasa ruwan shansa, a kwantar da shi cikin gidan sauro, a nesanta shi daga mai ƙyanda ko ƙarambau, masu zuwa dubiya su wanke hannu da sabulu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu wadata fiye da kashi 80 cikin 100 na yaran da ke fama da ciwon daji suna warkewa, a matalautan ƙasashe da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Wani sashe na wannan tazara yana hannun iyaye, kuma tawakkali bai taɓa hana mumini riƙon sababi ba.