Fitilar Caji Ba Ta Mutu Ba, Batirinta Ne Ya Gaji



Kusan kowane gida a unguwarmu akwai fitilar caji guda ko biyu da aka jefa bayan ɗaki ko ƙarƙashin gado, an ce ta mutu. Da aka sayo ta tana kai mutum tun daga isha'i har ya gama muraja'a ya kwanta. Bayan ƴan watanni sai ta koma awa ɗaya, daga nan minti goma, daga nan ko an kwana ana yi mata caji sai ta yi ja-ja ta ɗauke. To a mafi yawan waɗanda na buɗe, ƙwan lafiyarsa lau, makunnin ma haka. Batirin ne kawai ya gama aiki, kuma ana iya canja shi da wanda ya fi shi.

Idan ka kwance irin fitilar nan mai araha, abu uku za ka tarar. Akwai ƙananan ƙwai farare da ake kira LED, akwai ɗan allo da wutar gida take shiga ta kansa, sai kuma wani ɗan akwati mai nauyi, shi ne batirin. Ƙanen batirin mota ne, dalma ce da ruwan asid a ciki, ƙarfinsa bolt 4 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta). Irin wannan batir abu biyu ne ba ya so, kuma duka biyun muna yi masa. Ba ya son a tatse shi tas a bar shi kwanaki babu caji. Ba ya kuma son a bar shi a jone bayan ya cika, domin ɗan allon da ke ciki bai san tsayawa ba, yana ta tura wuta har ruwan batirin ya ƙafe. Mu kuwa da kuran ya dawo sai mu jona mu manta, idan ya tafi kwana biyu mu kunna har sai ta ɗauke da kanta. Kun ga ashe da hannunmu a ciki.

Madadinsa shi ne batirin litiyom mai siffar gora, wanda ake kira 18650. Lambar ba ta banza ba ce: kaurinsa milimita 18, tsawonsa milimita 65. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara sayar da batirin litiyom mai caji a shekarar 1991, yau ga shi cikin kowace waya. Idan ya cika yana nuna bolt 4.2, yawancin aikinsa yana yin shi ne a wajen 3.7. Wannan ita ce fa'idar: ƙarfinsa ya yi kusa da na tsohon batirin, don haka ƙwan fitilar za su karɓe shi ba tare da an sake su ba.

Ina ake samunsa? Cikin mataccen batirin tsohuwar kwamfutar hannu, irin mai kauri da ake zarewa. Galibi guda shida ne a ciki, kuma sau da yawa ɗaya ko biyu ne suka lalace suka ja wa sauran. Masu gyaran kwamfuta a kasuwa suna da su a tare, wani ma kyauta zai ba ka idan ka yi masa magana da ladabi. Ana ɓare robar a hankali da filaya, ba a soka wuƙa ciki.

Nan ne wurin da ya kamata mutum ya natsu, domin ba kowane batir da ya fito ake amfani da shi ba. Sai an auna shi da mita, wato ɗan na'urar nan mai wayoyi biyu, ja da baƙa, da masu gyaran waya suke riƙewa. Wanda ya nuna ƙasa da bolt 2.5 ni ajiye shi nake yi gefe, ba na gardama da shi. Wanda ya lotsa, ko ya yi tsatsa, ko rigarsa ta roba ta yage, shi ma haka. Wanda ya tsallake wannan sai a yi masa caji ana taɓa shi lokaci-lokaci; idan ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a cire shi nan take. Idan ya cika lafiya, a ajiye shi sati guda a sake aunawa. Mai kyau zai tsaya kusa da inda aka bar shi, mai ciwo kuwa za a tarar ya zube shi kaɗai ba tare da an kunna komai ba. Na san sati guda yana da tsawo ga mai ɗoki. Ni ma karon farko ban jira ba, na haɗa na rufe na kai wa kakata ina washe baki, kwana uku ta aiko a ce mini fitilata ta fi ta da saurin mutuwa.

Sharaɗi babba: kada a kuskura a jona batirin litiyom a kan tsohon allon cajin fitilar. Wancan allon ba ya tsayawa, shi kuwa litiyom idan aka wuce da shi 4.2 yana iya kumbura ya kama da wuta, kuma wutarsa ba ta kasuwa da sauƙi. Ban da haka, allon a jone yake kai tsaye da wutar gida mai bolt 220, yana iya jan mutum, wani lokaci ko bayan an zare shi akwai sauran wuta a ciki. A yanke shi gaba ɗaya a fitar. A maimakonsa ana sa wani ɗan allo da bai kai tsawon yatsa ba, sunansa TP4056, ana samunsa wajen masu sayar da kayan gyara. Yana karɓar bolt 5 daga cajar waya ko ƙaramin faifan sola mai bakin USB, jan haske yana nuna ana caji, idan ya cika hasken ya sauya kuma ya tsaya da kansa. A nemi mai kariya, wanda yake da wuraren liƙi guda huɗu a gefe ɗaya: B+ da B- na batir, OUT+ da OUT- na fitila. Shi wannan yana yanke wuta idan batir ya yi ƙasa sosai, kenan ya toshe ɗayar ɓarnar da muke yi.

Wajen liƙi da dalma, kada a ɗora ƙarfe mai zafi a jikin batirin kansa. Lokacin ɓarewa a bar ɗan siririn ƙarfen da aka manna a bakinsa, a kansa ake liƙa waya. Ja zuwa +, baƙa zuwa -, a duba sau biyu kafin a liƙa, don idan aka juya allon ƙonewa yake yi nan take. Sannan a naɗe bakunan da baƙin salatif.

Wani zai ce ai sai in sa guda biyu ta daɗe. Ana yi, amma da yadda ake yi. Idan aka jera su kamar ayarin raƙuma, kan wannan a wutsiyar wancan, ƙarfin ne yake ninkuwa ya kai 8.4, ƙwan su ƙone. Idan aka tsayar da su kafaɗa da kafaɗa, + da +, - da -, ƙarfin yana nan yadda yake, daɗewar ce take ƙaruwa. Wannan na biyun ake so, kuma sai an auna an ga ƙarfinsu ɗaya ne kafin a haɗa. Lissafin daɗewa ba wuya: alal misali batir mai ɗaukar 2000 mAh, fitila tana shan 250 mA, a raba, awa 8 kenan. Tsohon batir ba zai kai haka ba, amma ko ya ba da rabi ya isa karatun dare. Idan aka ga ƙwan suna zafi sosai, alama ce fitilar ba ta da resista, ɗan abin nan mai zane-zanen launi da yake rage gudun wuta, sai a sa mata ƙarami a kan wayar da ta tafi wajen ƙwan.

Zafin garinmu shi ma abin lura ne. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, faifan sola ne kaɗai zai zauna a rana, fitilar a ja mata waya ta zauna a inuwa. Ba a caji a kan katifa ko kusa da littattafai, ƙasa ko siminti ya fi. Tsohon batirin dalma da aka cire kuma kada a bar wa ƙanne su fasa shi suna wasa, dalma guba ce, ruwansa yana ƙona fata. Masu sayen tsofaffin batura suna karɓa. Na litiyom da aka ƙi kuwa a naɗe bakunansu da salatif kafin a ajiye, kuma kada su shiga sharar da za a cinna wa wuta.