Tauraron teku: Halittar da ke fara rayuwa da hagu da dama, ta girma ta koma fuska biyar

Duk wanda ya tsaya kan gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta Jamhuriyar Benin, ya kalli abin da Sarkawa ke fitarwa daga Kogin Kwara, zai ga tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa. Kowanne yana da kai da wutsiya, da ɓangaren hagu da na dama, kamar ɗan Adam. Abin da taru ba zai taɓa kamowa a nan ba shi ne tauraron teku, halittar nan mai hannuwa biyar wadda ba a gane gabanta balle bayanta.

Danginta, da masana ke kira masu fatar ƙaya, sun kai nau'i kusan 7,000, ciki har da bushiyar teku, kuma babu ko ɗaya da ke rayuwa a ruwan daɗi. Jikinsu na aiki ne da bututan ruwa mai gishiri daidai da na teku, ba su da hanyar daidaita gishirin idan ruwa ya sauya. Daga Gaya sai an yi tafiyar fiye da kilomita 700 zuwa Kwatano kafin a kai gaɓar teku.

Sai dai wannan yanki ya taɓa saninsu. Gaya na bakin kudancin wani makeken kwari da masana duwatsu ke kira Iullemmeden, wanda ya haɗa yammacin Nijar da Sakkwato da gabashin Mali. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya kwanta a cikin wannan kwari. Duwatsun da ke sarari a kewayen Gaya galibi na yashi ne da marmara, amma a arewa maso gabas, a Kalambaina kusa da birnin Sakkwato da Malbaza a jihar Tawa, farin dutsen da tekun ya bari na ɗauke da ɓawon bushiyar teku da ya daskare. Tun 1904 wani masani a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, F. A. Bather, ya yi rubutu kan samfuran da aka kai masa daga yankin, kuma ɗaya daga cikinsu shi ake kira Linthia sudanensis a yau.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne yadda wannan siffa ke samuwa. Idan ƙwan tauraron teku ya ƙyanƙyashe, abin da ke fitowa wata 'yar mitsitsiyar tsutsa ce mai iyo, mai gaba da baya, mai hagu da dama. Daga nan sai wata jakar ruwa da ke ɓangaren hagu ta lanƙwashe ta zama zobe, ta fitar da tsiro biyar. A kewayen zoben ne sabon jiki ke ginuwa, yawancin tsohon kuma ya narke ko ya zube. Talibambam ma na rikiɗa ya zama kwaɗo, amma kansa na nan inda yake. A nan kuwa har inda baki yake sai ya sauya.

Duwatsu ma labarin da suka bayar ke nan. A 2012 aka bayyana wata halitta daga Sifaniya mai suna Ctenoimbricata, wadda ta rayu fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, tana da irin ƙashin wannan dangi amma jikinta mai hagu da dama ne. Akwai wasu na wancan zamani masu layi uku. A 2013 kuma aka bayyana Helicocystis daga Maroko, mai layi biyar a murɗe. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne kakanninsu sun daina yawo, suka manne a ƙasan teku suna jiran abinci, kuma mai zama wuri ɗaya ya fi cin riba idan yana iya karɓa ta kowace kusurwa. Dalilin da ya sa aka tsaya kan biyar, ba huɗu ko shida ba, har yanzu masana na muhawara a kai.

A 2023 mujallar Nature ta buga binciken Laurent Formery da Christopher Lowe na Jami'ar Stanford a Amurka. Sun bi sawun ƙwayoyin gadon da ke tsara kai da gangar jiki a sauran dabbobi, suka tarar na kai suna aiki a tsakiyar kowane hannu, na gangar jiki kuwa kusan babu su a fatar. Wato halittar da aka daɗe ana cewa ba ta da kai, kusan dukkanta kai ce.

Nan ne ɓawon Sakkwato ya fi ban sha'awa. Linthia na cikin rukunin da ya koma tona laka a ƙarƙashin teku, kuma mai tona rami dole ya san inda ya dosa. Don haka bakinta ya matso gaba, mafitar kashi ta koma baya, jikin ya ɗauki siffar zuciya. Amma a gadon bayanta layukan nan biyar na nan kamar furen da aka zana. Ɓawo ɗaya da bai cika tafin hannu ba na nuna sauyi biyu: fuska biyar da aka gada, da hagu da dama da aka sake komawa.

Wannan farin dutse shi ake haƙa ana ƙonawa a yi siminti, a Kalambaina da Malbaza, tun shekarun 1960. Babu mai cewa a daina gini. Amma abin takaici ne ɗalibi a Gaya ko Kamba ya riƙa haddace darasin nan daga hoton wata gaɓar teku ta Turai, alhali ɗan kwalin samfura daga bakin ramin haƙar dutsen zai wadatar da aji guda na shekaru.