Ko Kun Sani? Tsutsar Masara Tana Taimakawa Wajen Yaƙar Mura

Tsutsar nan mai cinye zuciyar masara, wadda aka fara ganin ɓarnarta a Najeriya a 2016, ƙwayoyin halittar jikinta ne ake amfani da su a Amurka wajen haɗa allurar rigakafin mura. Masana na kiranta Spodoptera frugiperda.

Bairas ɗin mura ba ya shiga jikin mutum sai ya sami wurin kamawa. Bayansa cike yake da wani furotin mai suna hemagulutinin, wanda ke maƙalewa kamar ƙugiya a jikin ƙwayoyin halittar hanci da maƙogwaro. Idan garkuwar jiki ta riga ta gane wannan furotin, sai ta tare shi tun kafin ya kama.

Don haɗa yawancin allurar rigakafin mura, sai an raini bairas ɗin a cikin ƙwan kaza. Amma a wata sabuwar hanya, masu bincike kan ɗauki bayanin gadon furotin ɗin kaɗai, su ɗora shi a kan wani bairas na ƙwari, su zuba shi cikin ƙwayoyin halittar tsutsar da ake renonsu a manyan tankuna. Su kuwa sai su yi ta ƙera furotin ɗin, a tace shi tsaf. Babu ƙwai, babu bairas ɗin mura mai rai, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga masu aikin.

Ta wannan hanya ake yin allurar Flublok, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a 2013. Haka ma allurar korona ta kamfanin Novavax.